Filin Tambayoyinku: Me Lab Ke Gani A Cikin Kwalbar Maganin Gargajiya?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato gwajin da ake yi wa magungunan itatuwa a ɗakin bincike, toh na zaɓo guda biyar, wasu na ɗan rage musu tsawo amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mahaifiyata ce ke fama da ciwon gwiwa shekara da shekaru, sai aka kawo mata wani garin magani a leda aka ce zallan saiwa ne da sassaƙe, wallahi kwana biyu da fara sha ta miƙe tana yawonta. Yanzu wata na biyar kenan, fuskarta ta yi fam ta kumbura, ga ƙiba ta ciki, ga yawan fitsari, kuma ranar da duk bata sha ba sai jikinta ya mutu. Mu mun ɗauka lafiya ce ta zauna mata amma ni hankalina bai kwanta ba. Daga wata 'yar uwa.

AMSA: 'Yar uwa Allah ya ba Mama lafiya, kuma gara da hankalin naki bai kwanta ba. Abu na farko tun kafin komai, kar ki ƙwace mata garin nan rana ɗaya, ki kai ta asibiti cikin satin nan ki tafi da ledar a hannunki. Dalilina shi ne duk abin da kika lissafo, sauƙi cikin kwana biyu, kumburin fuska, teɓa, yawan fitsari, mutuwar jiki in ba a sha ba, kamannin aikin magungunan bature ne da ake kira siteroyid, irin su dexamethasone ko prednisolone, kuma wanda ya yi watanni yana shan su jikinsa kan daina haɗa nasa sinadarin na kotisol, in aka yanke masa farat ɗaya jini na iya faɗuwa ya suma, har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai san yadda zai rage mata a hankali, ya kuma auna mata suga da hawan jini, don yawan fitsarin nan ina zargin suga ne ya hau.

Ban ga garin da idona ba, amma na ga irinsa. Akwai wata rana da aka kawo mana wani gari ruwan ƙasa a ƙulle, ƙamshin itace sosai, har da ɓarɓashin sassaƙe a ciki wanda duk wanda ya gani zai rantse daga daji ya fito. Na ɗebi ɗan kaɗan na jiƙa a metanol na tace, na ɗiga ɗigo ɗaya a gindin wani ɗan faranti mai farar hoda da muke kira TLC, a gefensa na ɗiga dexamethasone na asali wanda muka san ko menene, sai na tsayar da farantin a cikin kwalba mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa. Ruwan yana hawa a hankali kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana jan abin da ke cikin ɗigon, mai nauyin tafiya ya tsaya a ƙasa mai sauri ya yi sama. Da na ciro na kashe wuta na haska fitilar UV, farantin ya yi kore shar, sai ga tabo biyu baƙaƙe a jere, layi ɗaya tsayi ɗaya, na garin da na ƙwayar asibiti. Na daɗe a tsaye ina kallon tabon nan ina tunanin tsohon da aka ce ya kusa shekara yana sha safe da yamma. Washegari muka sa shi a injin HPLC mai rarrabe sinadarai dalla-dalla don mu tabbatar, tunda TLC nuni kawai yake yi ba ya yanke hukunci, kuma abin da muka zarga shi ya fito.

Kuma kar ki ɗauka wani sabon abu ne ko na wuri ɗaya. A Taiwan an buga wani bincike a 1997 inda aka tattaro sampul 2,609 na magungunan gargajiya ta hannun asibitoci, aka samu kusan kashi 24 cikin 100 an cusa musu maganin bature ba a faɗa ba, su farasitamol, indomethacin, prednisolone, maganin sa fitsari, har da kafeyin. A maganin ƙarfin maza abin da aka fi kamawa shi ne sildenafil, wanda in mai ciwon zuciya da ke shan maganin naitiret ya haɗa da shi jininsa na iya faɗuwa warwas. A na rage ƙiba kuma sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan ni ba na kiransa maganin gargajiya, ha'inci ne, kuma masu gaskiyar cikin sana'ar su ya fi ɓata wa suna.

TAMBAYA: Yaro, ni mai magani ne, na gada wajen mahaifina shi ma ya gada, shekarata 40 ina wannan aiki. Ku 'yan boko kullum sai ku ce sai an kai lab. Kakanninmu da suka yi shekara ɗari-ɗari wane lab suka je? Ko dai so kuke ku kashe mana sana'a ne?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Wallahi in da kashe sana'arku ake so da ba a ɓata shekaru ana bin bayanku ana tambaya ba, ai rabin abin da muke aiki a kai daga bakin irinku aka fara jinsa. Kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, daga sassaƙen bishiyar cinchona ta Kudancin Amurka wasu masana biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware shi a 1820. Mofin, maganin kashe zafin ciwo mai tsanani, daga tsiron fofi (poppy) yake. Digoxin na masu ciwon zuciya daga wani fure ne da ake kira foxglove, wanda likita William Withering na Ingila ya yi rubutu a kansa a 1785 bayan ya ji labarin wani haɗin gargajiya na kumburin jiki. Amma wanda na fi so in ba ka labari shi ne na Tu Youyou, wata mata 'yar ƙasar Sin. Ita da mutanenta sun bi girke-girken magani na dā sama da 2,000 suna neman maganin maleriya, suka zo kan wani nau'in tazargade mai suna Artemisia annua, yau ya yi aiki a jikin ɓera gobe ya ƙi, abin ya ɗaure musu kai. Sai ta koma wani tsohon rubutu na wani masani Ge Hong da ya rayu wajen shekara 1,700 da suka wuce, ta ga shi cewa ya yi a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a tafasa ba. Nan ta gane zafi ne ke ɓata musu aiki, ta koma tatsa da wani sinadari mai suna ether wanda ke tafasa a digiri 35 kacal, a 1971 sampul mai lamba 191 ya kashe ƙwayar cutar kakaf a jikin ɓeraye. Daga nan aka samu artemisinin, wanda yau shi ne ginshiƙin maganin maleriya a duniya, ita kuma aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Kaga Baba, tsohon ne ya nuna hanya, lab ɗin ya bi sawu.

Toh amma akwai abin da ido ba ya gani komai ƙwarewar mutum, kuma a nan ne nake roƙon ka saurare ni. Dafin da ke kayar da mutum nan take, irin na zaƙami ko ƙwayar zurma ko idon zakara, wannan kakanni sun san shi sarai sun kuma yi gargaɗi a kai, don an sha an gani. Wanda ba su da hanyar ganewa shi ne mai cin jiki a ɓoye, a sha yau ciwon ya fito bayan shekara biyu ko goma, wa zai ce ganyen bara waccan ne? A farkon shekarun 1990 a Beljiyam wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata wani haɗi da ya kamata a ce akwai saiwar Stephania tetrandra a ciki, ashe an musanya ta da Aristolochia fangchi, saboda sunayensu a harshen Sinanci sun yi kama, duk biyun ana ce musu fang ji. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai wankin ƙoda ko dashe. Da aka bi diddigin 39 daga cikinsu aka samu 18 da kansar hanyar fitsari, an buga wannan a shekarar 2000. Sinadarin da ya yi ɓarnar sunansa aristolochic acid, yanzu yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa a jikin ɗan Adam, kuma itatuwan wannan dangi ɗaruruwan shekaru ana shan su a nahiyoyi daban-daban ba wanda ya zarge su, duman dutse ma ɗan wannan gidan ne. Haka akwai wasu ciyayi irin dangin Crotalaria da Senecio masu wani sinadari da ke toshe ƙananan jijiyoyin hanta sannu a hankali.

Shi ya sa aikin farko a lab tun kafin a kunna kowane inji shi ne a tabbatar da itacen. A tsinko shi da ganye da fure, a danne a busar a manna a takarda, masanin tsirrai ya sa masa sunansa na kimiyya a ba shi lamba a ajiye, don suna ɗaya a baki na iya zama itace uku. In gari ne aka kawo sai a sa a madubin ƙara girma a duba gashin ganye da ƙwayoyin sitaci da sauran alamomin da kowane tsiro ke da nasa. Kuma ko itace ɗaya ne ƙarfinsa ba ɗaya ba, ya danganta da ƙasar da ya fito, da lokacin da aka cire, da yadda aka shanya. Ita kanta Artemisia annua wani ganyen artemisinin ɗinsa bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba, wani ya haura kashi 1, kaga cokali ɗaya na wannan ya fi cokali goma na wancan alhali a ido duk ganye ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 bata goyi bayan a yi maganin maleriya da shayin ganyen ba, don in awon ya gaza ƙwayar cutar bata mutu ba sai ta koyi jure wa maganin.

Shawarata Baba, ka zaɓi haɗinka guda ɗaya da ka fi yarda da shi, ka nemi sashen harhaɗa magunguna na jami'ar da ta fi kusa da kai, amma kafin ka faɗi sirrin komai a yi yarjejeniya a rubuce da sunanka a ciki, don haƙƙinka ne kuma an sha cin amanar masu ilmi irin naka.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne ajin ƙarshe, a furojet ɗina na tatsi ganyen wata bishiya na gwada a kan bakteriya a faranti, kuma ya kashe su sosai, da'irar da bakteriyar suka kasa girma a cikinta ta yi faɗi. Zan iya rubuta cewa na gano maganin taifod?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, na san daɗin da ake ji in an buɗe inkubeta da safe aka ga wannan da'irar fes a kewayen ramin da aka zuba ruwan ganyen. Amma a'a, kar ka rubuta haka. Abin da ka gano shi ne ruwan ganyen ya hana bakteriya girma a faranti, iyakarsa kenan kuma shi za ka rubuta. Gishiri mai yawa ma zai yi haka, sabulu ma zai yi.

Ka tambayi kanka, da me ka narkar da abin da ka tatsa? In da etanol ko metanol ne, ka zuba shi zalla a wani ramin ka ga ko shi ne ke kisan? Ka sa maganin da aka sani kamar ciprofloxacin a gefe don kwatance? Sannan nawa ka zuba, don nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa, sai ka ga an loda miligiram 100 ko 200 a kowane mililita ana murna, alhali masana wannan fanni sun fi ɗaukar abin da muhimmanci in ya yi aiki a ƙasa da maikurogiram 100 a mililita, wanda ya wuce miligiram 1 kuwa ba a cika waiwayarsa ba. Ga kuma tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cike a sassaƙe da yawa, shi kama furotin yake ya dunƙule shi ko na menene, sai ya nuna kamar yana aiki a kowane gwaji, amma in an sha yawancinsa ba ya ma shiga jini. Ita kuwa ƙwayar taifod ba a faranti take zaune a jikin mara lafiya ba, tana cikin jini da cikin ƙwayoyin jiki, sai magani ya tsallake ruwan ciki, ya ratsa hanji, hanta bata rusa shi ba, sannan ya isa inda take da ƙarfinsa. Daga faranti sai dabba, daga dabba sai mutane kaɗan masu lafiya, sai marasa lafiya kaɗan, sai masu yawa ana kwatantawa da wani maganin, kuma ko a cikin waɗanda suka kai matakin gwaji a jikin mutum kusan 9 cikin 10 ba sa kai labari. Ka auna mafi ƙarancin awon da ke hana ƙwayar girma, ka maimaita sau uku, ka ajiye samfurin ganyenka da lambarsa, wannan aikin ko a ina za ka iya kare shi.

TAMBAYA: Na ga kwalba an rubuta "an gwada a lab" har da lambar rajista, an kuma jero cuta kusan 20 da take warkarwa. Wannan ya isa in yarda?

AMSA: Bai isa ba ɗan uwa. An gwada me, a wane lab, wane rukunin da aka haɗa? A ƙasashe da dama abin da ake dubawa kafin a ba maganin itace lamba shi ne tsabta da rashin illa ta kusa, wato ba ƙwayoyin cuta irin Salmonella, ƙarafa masu guba basu wuce ƙa'ida ba, sannan an ɗura wa ɓeraye awo mai yawa sau ɗaya, galibi miligiram 2,000 a kan kowane kilo na nauyinsu, an zuba musu ido kwana 14 basu mutu ba. Wannan bai ce komai a kan wanda zai sha kullum na wata shida ba, don shi sai an yi gwajin kwana 28 ko 90 ana auna sinadaran hanta da na ƙoda a jini a kuma yanka a duba kayan ciki, bai kuma ce komai a kan mai ciki ba, balle ya nuna yana warkarwa. Lambar ma ka bincika ta wajen hukumar magunguna ta ƙasarka, ana buga ta bogi. Jerin cuta 20 kuwa, magori ne ke wasa kansa da kansa.

TAMBAYA: Malam ina shan maganin hana jini daskarewa da likita ya ɗora ni a kai, kuma ina so in riƙa haɗawa da wani jiƙo. Na ce in na tafasa shi sosai ai duk wata illa ta mutu ko? Daga wata Hajiya.

AMSA: Hajiya abu biyu kika haɗa, bari in raba miki su. Na farko haɗa magani da magani. Hanta tana da wasu ma'aikata da ke rusa magunguna su fitar da su, toh wani ganyen yana zaburar da su, wani yana kashe musu jiki. Akwai wani fure da ake sha a Turai da Amurka don damuwa, St John's wort, a shekarar 2000 aka auna aka ga ya rage maganin ƙanjamau na indinavir a jini da kashi 57 cikin 100, a shekarar kuma likitoci a Suwizalan suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya jikinsu ya fara ƙin zuciyar saboda furen ya cinye musu cyclosporin, maganin da ke hana jiki ƙin abin da aka dasa masa. Yana rage ƙarfin warfarin, wani maganin hana jini daskarewa, da ƙwayar tsarin iyali ma. In warfarin kike sha, shi tazarar da ke tsakanin awon da ke aiki da wanda ke sa zubar jini 'yar kaɗan ce, don haka ko wane jiƙo ne ki faɗa wa likitanki sunan abin da ke ciki tukuna, in ya amince a ƙara yawan gwajin jinin nan na INR mai auna saurin daskarewar jini a makonnin farko.

Na biyu tafasawa. Tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, wannan gaskiya ne, amma dalma da zaiba da asenik ƙarafa ne, wuta bata kashe su, in ruwan ya ƙone ya ragu ma sai su ƙara kauri a abin da ya saura. Itace na zuƙo su daga ƙasa in ya fito kusa da bola ko wurin haƙar ma'adinai ko inda ruwan masana'anta ke bi, wani lokacin daga injin niƙa ko tukunyar da aka dafa, wani lokacin kuma da gangan ake zubawa. A Boston ta Amurka an sayo magungunan gargajiyar Indiya na Ayurbeda guda 70 daga shaguna aka auna, sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga busasshen itacen magani shi ne dalma kar ta wuce miligiram 10 a kilo, ƙarfen kadmiyom mai guba kuma 0.3, kuma ba a gane wannan da ɗanɗano ko launi, sai an narkar da sampul a asid an sa a inji.

Sai fumfuna. Saiwar da aka tara bata gama bushewa ba, ko aka ajiye a leda tana gumi, takan yi wani fumfuna mai suna Aspergillus flavus da ke fitar da dafin aflatoksin, wanda aka gano bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda gurɓataccen abinci. Yana jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma tafasar tukunya bata rusa shi, fumfunan zai mutu dafin na nan. In kin buɗe ƙullin kika ji warin rima, ko kika karya saiwar kika ga kore-kore ko baƙi-baƙi a cikinta, kar ki kankare ki ce saura ya yi, ki zubar da shi duka.